Motata ta ƙi riƙe silo, an wanke kafireta sau uku ba canji

Mai Akori-kura:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana. Ina da tsohuwar akori-kura ƙirar 1984, inji silinda huɗu, kafireta mai maƙogwaro biyu wadda ta zo da motar tun asali. Wata biyu ke nan ta ƙi riƙe silo, wato juyin da inji ke yi a tsaye ba a taka totur ba. Da safe in na ja cok tana tashi lafiya lau, amma da zarar ta yi zafi na mayar da cok, sai ta kama rawa, juyin inji ya hau ya sauka. In na zo danja na taka birki, sai ta mutu. A kan hanya kuwa in na ba ta wuta ba ka ce tana da wata damuwa ba, sai ɗan harbi a salansa in na ɗaga ƙafa daga totur.

An wanke kafireta sau uku. Wanda ya duba ta na ƙarshe ya ɗaure sukurun silo har juyi ya kai wajen 1,300 a minti don kada ta riƙa mutuwa. Yanzu ba ta cika mutuwa ba, amma shan mai ya ƙaru, giya tana ƙara in zan sa ta ɗaya, kuma in na kashe makulli sai inji ya ci gaba da kakari na 'yan daƙiƙu. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne sukurun mai: ko na ɗaure shi har ƙarshe ko na kwance, inji bai ma san ana yi ba. An ce in sayi sabuwar kafireta. Kafin in kai ga haka, don Allah wa ya taɓa cin karo da irin wannan?

Ɗan Gareji:
Wa alaikumus salam yaya. Jet ɗin silo, wato ɗan ƙarfen nan mai siririn rami da ke auna man silo, shi ne ya toshe. Wankin da ake yi na fesa mai a waje a goge da tsumma ba wanki ba ne. A kwance jet ɗin, a ɗaga shi a haske a ga ko rana na ratsa ramin, a hura duk hanyoyin da iskar kwamfiresa. Kar a zura masa waya, ramin zai buɗe ya lalace.

Direban Dogon Zango:
Malam, kafiretar da ta shekara arba'in tana aiki ai ta biya kuɗinta. Ka huta da wahala ka sa sabuwar kafireta ƙirar Weber 32/36, ka manta da zancen.

Baba Makanike:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kar ka sayi komai tukuna. Ka faɗi abubuwa huɗu da ni a wurina duk hanya ɗaya suka nufa: tana lafiya da cok, tana mutuwa in ka taka birki, tana harbi in ka saki totur, kuma gudu bai dame ta ba. Wannan alamar inji ne da ke shan iska ta ɓarauniyar hanya.

Kafireta tana auna mai ne daidai da iskar da ta bi ta maƙogwaronta. Duk iskar da ta shiga manifol, wato bututun da ke kai haɗin mai da iska daga kafireta zuwa cikin inji, ta wani wuri, ko ta tsagaggen tiyo, ko ta gasket ɗin gindin kafireta, ko ta sabo, wato gwangwanin da ke amfani da zuƙar inji yana sauƙaƙa taka birki, wannan iskar ba a ba ta rabonta na mai ba. Sai haɗin ya tsinke, inji ya kama yunwa. Cok yana rage iskar da ke shiga ta sama, yana sa a ƙara jan mai, shi ya sa yake rufa asirin matsalar.

Shi kuma sukurun mai da ka ce ya daina aiki, wanda ya ɗaga maka silo ne ya kashe shi. A jikin maƙogwaro, dab da bakin faifan totur, wanda muke kira batafilai, akwai ɗan ramin silo a ƙasa, shi sukurun mai ke iko da shi. Sama da shi kaɗan akwai wata 'yar tsaga ko ƙananan ramuka da ke ba da mai lokacin da ka fara taka totur. In aka ɗaure sukurun silo da yawa, faifan ya buɗe ya wuce waɗannan ramukan, inji ya koma shan mai ta can, wani lokaci har babban jet ya fara ɗiga. To ka ga ko ka rufe sukurun mai ruf, yana da inda yake sha. Kakarin da take yi bayan ka kashe makulli ma daga nan ne: ƙofa a buɗe, mai na shiga, gawayin da ya taru a kan fistin yana da zafi, sai ya riƙa kunna shi ba tare da fulogi ba.

Kana da gejin bakiyum, ko za ka iya aro?

Mai Akori-kura:
Baba, ranka ya daɗe, wallahi bayanin nan ya shige ni. Ba ni da geji amma zan samu aro gobe in sha Allahu. Abin da ban gane ba, in iska ce ke shiga, me ya sa a kan gudu ba na jin komai?

Malamin Kimiyya:
Bari in ɗan sa baki a nan, Baba ya gyara mini in na kauce. Inji famfon iska ne. Duk lokacin da fistin ya sauka yana zuƙa. A silo faifan totur kusan a rufe yake, fistin na ja, ƙofa ta hana, sai matsin iska a cikin manifol ya faɗi ƙasa sosai da na waje. Wannan bambancin shi ake kira bakiyum. Matsin iskar duniya a gaɓar teku kusan inci 30 ne a ma'aunin zaiba, lafiyayyen inji a silo yakan nuna tsakanin inci 17 zuwa 22 a geji.

Fetur yana ƙonewa daidai ne in an haɗa kashi 14.7 na iska da kashi 1 na mai, a nauyi. A silo iskar da inji ke sha kaɗan ce ƙwarai, kuma a lokacin ne zuƙar ta fi ƙarfi. Saboda haka rami kamar kan ashana zai iya shigo da kaso mai tsoka na duk iskar da injin ke sha. In ka buɗe totur, iska ta kwararo ta maƙogwaro, bakiyum ya faɗi kusan sifili, ɗan ramin nan ya zama ba a bakin komai ba. Shi ya sa ciwon yake bayyana a tsaye ya ɓuya a guje.

Ɗan Riwaya:
Kafin a tafi da nisa, a duba ɓangarenmu na wuta. Kafiretocin wancan zamani da yawa, irin su Aisan da Hitachi da Solex, suna da wani ɗan solonoyid a gefe mai waya ɗaya ko biyu. Aikinsa ya toshe hanyar man silo in an kashe makulli. In ya mutu ko wayarsa ta tsinke, hanyar za ta zauna a rufe, mota ba za ta taɓa yin silo ba sai da cok ko da totur. Ka buɗe makulli ba tare da ka tayar ba, ka zare wayar ka mayar. In ka ji ƙas, yana motsi. In shiru, ga ɓarawonka nan.

Sannan taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta. Wutar da ta makara tana sa silo ya yi rauni, geji ya nuna ƙasa, makanike ya bi ya ɗaure sukurun silo. Na sha ganin an dami kafireta alhali disfuta, mai rarraba wuta ga fulogi, ita ce ta goce.

Mai Akori-kura:
Na gwada yanzun nan, Oga. Yana yin ƙas sarai duk lokacin da na taɓa wayar.

Ɗan Gareji:
Baba, Allah ya ƙara girma, ina da ja kaɗan. Duk alamomin da kuka lissafa, in ban da na birki, toshewar jet ma tana kawo su. Ko iska ta yi yawa ko mai ya yi kaɗan, abu ɗaya inji ke ji. Gwajin da muke yi na rufe rabin maƙogwaro da tafin hannu a ji ko juyi zai tashi, shi ma ba ya raba gardama, yunwa kawai yake nunawa, ba ya faɗin daga ina take.

Baba Makanike:
Gaskiyarka yaro, kuma na ji daɗi da ka faɗa. Tafin hannu ba ya bambance su. Abin da ya karkato da ni birkin ne, don jet ba ruwansa da ƙafar direba. Amma ba zan rantse ba sai an gwada. Sau da yawa ma a tsohuwar mota ba ɓarawo ɗaya ba ne, biyu ne ko uku suka haɗa kai.

Ɗana, ga yadda za ka yi in geji ya zo. Ka bari inji ya yi zafi sosai, cok a buɗe gaba ɗaya. Ka haɗa geji, ka rubuta lambar da kuma yadda allurar ke motsi, don motsin ya fi lambar magana. Sannan ka ɗauki filaya, ka naɗe bakinta da tsumma, ka riƙa matse tiyoyin da suka fito daga manifol ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka matse ka ga allura ta hau, inji ya daidaita, a bayansa ɓarnar take. Ka fara da babban tiyon da ke zuwa sabo. In tiyon ya tsufa ya yi tauri kar ka matse, zai fashe. Zare shi ka toshe bakin manifol da yatsa.

Uwar Tagwaye:
Malam, ni ba makanikiya ba ce, amma abin da ka faɗa na birki ya taɓa faruwa da ni. Tawa in na taka birki sai in ji wani sauti siii a ƙarƙashin sitiyari, kamar taya na sacewa, sai inji ya yi kamar zai mutu. Na yi watanni a haka ina zaton kafireta ce. Rannan da yara a baya na zo gangara, birki ya yi mini tauri kamar na taka dutse, da ƙyar na tsaya. Ashe robar cikin sabo ce ta yage. Don Allah kar ka ɗauki wannan a matsayin zancen silo kawai. Ka kashe rediyo ka saurara da kyau in ka taka.

Baba Makanike:
Hajiya ta kawo magana mai nauyi. Gwajin sabo ba ya buƙatar kayan aiki. Inji a kashe, ka taka birki sau biyar ko shida har ya yi tauri. Ka riƙe shi a take, ka tayar da mota. In sabo na da lafiya za ka ji feda ta ɗan nutse ƙarƙashin ƙafarka. Bayan haka ka bar inji ya yi minti ɗaya, ka kashe, ka jira kaɗan, ka taka. Ya kamata taku na farko da na biyu su zo da laushi. In tun na farko ya zo da tauri, ba ya riƙe bakiyum: ko robar ciki, ko ɗan bawul ɗin da ke bakin tiyo mai barin iska ta bi hanya ɗaya, ko tiyon kansa.

Kuma ina gargaɗi, toshe tiyon sabo na gwaji ne a tsaye. Kar wani ya toshe ya hau titi.

Mai Akori-kura:
Na samo geji. Hankalina ya tashi, inci 5 kawai yake nunawa. Injin ya gama yawo ke nan?

Baba Makanike:
Kwantar da hankalinka. A ina ka haɗa shi?

Mai Akori-kura:
A ɗan bututun jikin kafireta, inda tiyon disfuta yake shiga.

Baba Makanike:
To ba nan ba ne. Bakin bakiyum iri biyu ne. Akwai wanda raminsa ke ƙasa da faifan totur ko a jikin manifol, shi ke ba da cikakken bakiyum a silo. Akwai kuma wanda raminsa ke sama da bakin faifan kaɗan, wanda a motoci da yawa shi ke zuwa disfuta. Wannan na biyun a silo bai kamata ya nuna komai ba, sai an fara taka totur. Kuskuren da ka yi ma ya amfane mu: tunda ya nuna 5, faifanka a buɗe yake fiye da ƙima, kamar yadda na zata. Ka nemi baki a jikin manifol ɗin kansa ka sake aunawa.

Mai Akori-kura:
Alhamdu lillahi. Na haɗa a manifol. Allura na yawo a hankali tsakanin 12 da 14. Da na matse tiyon sabo sai ta hau 15, inji ya canja murya nan take. Gwajin feda kuma, ta ɗan nutse da na tayar, amma bayan na kashe taku na farko ya zo da tauri. Na zare tiyon na lanƙwasa shi a haske, sai ga tsaga a ƙasansa dab da inda kilif ya kama, tsawonta kamar farcen babban yatsa. Ta sama ba ka ganin komai, sai an lanƙwasa take buɗe baki. Sautin da Hajiya ta ce ban ji shi a cikin mota ba.

Uwar Tagwaye:
Ma sha Allah, Allah ya tsare gaba. Ka canja shi yau, kar ka naɗe da salatif.

Malamin Kimiyya:
Kuma a sa tiyon da aka yi don bakiyum, mai kaurin bango. Tiyon ruwa ko na mai mara ƙarfi yana iya shafewa in inji ya zuƙa, ya toshe hanyar gaba ɗaya.

Baba Makanike:
Ɓarawo na farko ya shiga hannu. Amma 15 bai isa ba, kuma ka ce allura na yawo. Tunda geji na hannunka, bari in gaya maka yadda muke karanta shi, don ka san abin da kake kallo.

In allura ta tsaya cik tsakanin 17 da 22, inji lafiya. In ta tsaya cik amma a ƙasa kaɗan, wajen 14 zuwa 16, ka fara zargin taimin ya makara, ko ringi sun gaji. In tana yawo a hankali gaba da baya, haɗin mai da iska ne bai daidaita ba, ko iska na shiga. In tana faɗuwa da inci kaɗan a kai a kai kamar bugun zuciya, silinda ɗaya ce ke da matsala, galibi bawul ya ƙone ko an ɗaure shi ba ya zama. In tana karkarwa da sauri a silo ta lafa in ka ba da wuta, gidajen bawul sun sakwarkwace. In ka riƙe inji a juyi 2,500 ka ga allura na sulalewa ƙasa sannu a hankali, salansa ta toshe, inji na kasa fitar da numfashi. Sannan ka bugi totur sau ɗaya da sauri ka saki: ya kamata ta faɗi kusan sifili, ta yi tsalle ta wuce inda take a da, wajen 23 zuwa 25, sannan ta dawo mazauninta.

Kai naka yawo ne a hankali, saboda haka akwai sauran iska. Yanzu sai gindin kafireta da inda manifol ya haɗu da kan inji.

Ɗan Gareji:
Wannan mai sauƙi ne yaya. Zuba fetur a gorar roba, huda murfin, ka riƙa tsiyayawa a gindin. Inda juyi ya tashi, nan ne.

Baba Makanike:
A'a. Wannan kam ban yarda ba, kuma ina roƙonka ka daina. A injuna da yawa manifol ɗin salansa yana ƙarƙashin na mai kai tsaye, ga wayoyin fulogi tsofaffi masu tartsatsi. Na ga wanda ya yi haka, wuta ta bi zirin man ta koma gorar da ke hannunsa. Hannun ya warke amma yatsu biyu ba sa miƙewa har yau. Ban faɗi wannan don tsoratarwa ba, da idona na gani.

Ka fara da ruwa a kwalbar feshi. In ya shiga ramin zai toshe shi na ɗan lokaci, za ka ji muryar inji ta canja, allura ta motsa. Ko ka ɗauki guntun tiyo, baki ɗaya a kunne, ɗayan kana zagayawa da shi, za ka ji shewar iskar, sai dai ka kula da fanka da bel. In dole sai da maganin wanke kafireta na gwangwani, shi ma yana kamawa da wuta: a fili, feshi kaɗan kaɗan ta siririn bututunsa, abin kashe gobara a kusa da ƙafarka. Kuma ka bar iya-kilina, wato matatar iska, a ɗaure, in ba haka ba tururin zai bi ta sama ya ruɗe ka.

Ɗan Gareji:
Na karɓa Baba. Haka muka tarar ana yi, amma na daina daga yau.

Direban Dogon Zango:
Ni dai har yanzu ina kan bakana. Duk wannan wahalar, da sabuwa ya sa da tuni ya wuce wurin.

Ɗan Riwaya:
Alhaji, da ya sa sabuwar, tsagaggen tiyon nan yana nan inda yake. Sai ya ɗaure sukurun silo na sabuwar ma, ya dawo nan yana cewa an sayar masa da jabu. Kuma Weber ba a ɗora ta haka kawai. Ba ta son matsin mai da ya wuce kusan 3 a ma'aunin psi, alhali irin su Holley suna aiki da 5 zuwa 7. In famfon mai ya fi ƙarfinta sai ya danne allurar fulot, mai tsayar da mai in kofin kafireta ya cika, ta riƙa ambaliya. Ga farantin da za a sa tsakaninta da manifol, wanda shi kansa wani sabon wurin shan iska ne in ba a zaunar da shi daidai ba.

Direban Dogon Zango:
Wannan gaskiya ne, sai da na sa abin rage matsi kafin tawa ta zauna. Amma in sandar totur, wadda faifan ke jikinta, ta cinye gidanta fa? Nan ai wanki ba ya magani.

Mai Akori-kura:
Alhaji kamar kana wurin. Na canja tiyo, geji ya koma 15 zuwa 16. Na fesa ruwa a mahaɗar manifol da kan inji, shiru. Da na fesa a gindin kafireta ta ɓangaren baya, inji ya yi tuntuɓe, allura ta motsa. Na sauke kafiretar. Gasket ɗin ya bushe kamar ganye, kuma a gefe ɗaya akwai baƙin zane inda iska ke bi. Wani ya taɓa shafa masa gam ja, har guntunsa ya leƙa cikin wata 'yar hanya a gindin. Na ɗora rula ta ƙarfe a gindin na ɗaga a haske, kusurwoyi huɗu suna taɓawa amma tsakiya haske na wucewa. Sandar totur kuma in na girgiza ta sama da ƙasa tana ɗan motsi, kaɗan dai, amma ina ji a yatsa.

Baba Makanike:
Ka yi aikin makanike na gaske. Wannan lanƙwasar daga ɗaurin ganganci take. Jikin kafireta ƙarfe ne mai laushi, in aka ga tana shan iska aka bi notuna huɗun nan da ƙarfi, kunnuwan su sauka, tsakiya ta tashi, ɓarnar ta ƙaru.

In lanƙwasar kaɗan ce tana gyaruwa. Ka samu gilashi mai kauri, ka shimfiɗa samfefa mai laushi a kai, ka tabbata faifan totur a rufe yake bai leƙo ba. Ka shafa wa gindin baƙin alƙalamin maka, ka riƙa gogawa a hankali kana juya hannu, kana dubawa. In baƙin ya goge ko'ina daidai, ka tsaya. Ka wanke sosai, ka hura duk ramuka, don garin ƙarfen nan in ya shiga hanyar silo ka dawo gidan jiya. Ka ciro guntun gam ɗin nan. Sabon gasket a bushe, ba gam, kuma ka gwada shi da tsohon ka ga ramukansu sun yi daidai. In akwai farantin roba mai kauri da ke hana zafi hawa, ka duba shi ma ko ya tsage. Notuna kuma a gicciye, kaɗan kaɗan, da ƙaramar sifana.

Tunda tana hannunka, ka juya ta ka kwance sukurun silo har faifan ya rufe, sannan ka ɗaure shi kaɗan yadda bakin tsagar nan kawai zai leƙo. Ka cika wa Ɗan Gareji burinsa kuma, ka ciro jet ɗin silo ka duba.

Mai Akori-kura:
Ƙanena Ɗan Gareji, kai ma kana da rabo a gaskiyar. Jet ɗin bai toshe ruf ba, amma akwai wani farin gari a bakin ramin, haske na wucewa da ƙyar. Na jiƙa shi na hura, yanzu ramin ya fito zagaye tas.

Ɗan Gareji:
Alhamdu lillahi. Wannan farin garin ruwa ne ya kwana a kofin kafireta ya ci ƙarfen. Ka canja filtar mai, yaya, ka duba gindin kofin ma.

Ɗan Riwaya:
In ka mayar, kar ka taɓa sukurun mai sai ka daidaita wuta. In motar mai kontak ce, a fara da gibinsa, don canja gibin yana canja taimin. Sannan ka zare tiyon disfuta ka toshe, ka saita taimin da fitila a kan lambar da aka rubuta a takardar ƙarƙashin bonet ko littafin motar, ba da kunne ba. Kuma tunda tiyon na hannunka, ka buɗe murfin disfuta ka tsotsi tiyon da baki. Ya kamata farantin ciki ya juya, in ka toshe da harshe ya tsaya a nan. In iska kake ta sha ba iyaka, robar gwangwanin da ke jikin disfuta ta huje, kuma wannan ma wata ƙofar iska ce.

Baba Makanike:
Daidai. Bayan wuta sai mai. Ka tabbata man da ke kofi yana kan alamarsa. Wasu kafiretocin suna da ɗan gilashi a gefe da ɗigo a tsakiya. Sukurun mai ka ɗaure shi da yatsu biyu har ka ji ya taɓa, kar ka danna, bakinsa kamar allura yake, in ya yi zobe ba zai sake saituwa ba. Ka kwance shi zagaye biyu a matsayin mafari. Inji da zafi, iya-kilina a ɗaure, fitilu a kashe. Ka riƙa juyawa kwata kwata, kana jira 'yan daƙiƙu bayan kowane juyi, kana neman inda allurar geji ta fi hawa. In juyi ya tashi, ka sauke shi da sukurun silo zuwa abin da littafi ya ce, galibi tsakanin 700 da 850, ka sake komawa kan sukurun mai. Sau biyu ko uku za ka yi wannan kai da kawowa. Shaidar cewa ka dawo kan hanyar silo ita ce, in ka ɗaure sukurun mai ciki sosai inji ya nemi mutuwa.

Mai Akori-kura:
Jama'a, Allah ya saka da alheri. Taimin ya makara kaɗan, mun gyara da fitila. Gwangwanin disfuta yana riƙe iska. Yanzu silo na kan 800, allura ta tsaya a 18 ba ta motsi. Na ɗaure sukurun mai don gwaji, kafin ya kai ƙarshe inji ya fara shure-shure, na mayar. Na taka birki sau goma a tsaye ba ta mutu ba, na kashe makulli ta yi shiru nan take. Bakin tiyon disfuta da ya nuna 5 rannan yanzu sifili yake nunawa.

Tambaya biyu suka rage. Me ya sa ban kai 20 ba? Sannan wani lokaci in na saki totur silo yakan tsaya a wajen 950, sai na ɗan bugi feda ya sauko 800.

Malamin Kimiyya:
Ta farkon ba abin damuwa ba ce. Geji yana auna bambanci ne da iskar waje, ita kuma tana raguwa in ƙasa ta yi tudu. Kusan inci 1 ake rasawa a duk mita 300 sama da gaɓar teku. Ga kuma shekarun injin. 18 a tsaye cik lamba ce mai kyau.

Direban Dogon Zango:
Ta biyun kuma ita ce maganata. Sandar ta ci gidanta, faifan ba ya komawa wuri ɗaya kullum.

Baba Makanike:
Zai iya zama haka, Alhaji, amma a bi daga mai sauƙi. Ɗana, ka zare kebul ɗin totur daga jikin kafireta, ka buɗe da hannu ka saki sau da yawa. In kullum yana dawowa 800, kebul ne ke riƙewa ko an ja shi ba a bar masa ɗan sako-sako ba, ko sifirin ɗin da ke mayarwa ya gaji. Ka leƙa faifan maƙogwaro na biyu ma ka ga ko yana rufewa ruf. In duk waɗannan lafiya, ka dangwala giris mai kauri a bakin sandar ta ɓangarori biyu inji na silo. In allura ta motsa, iska na bi ta nan, sai a kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya fafe gidan ya sa mata bushin tagulla, a mayar da faifan a tsakiya daidai. Giris ɗin na gwaji ne, kwana biyu zai narke.

Mai Akori-kura:
Na zare kebul, Baba. Sau ashirin na buɗe na saki, sau uku ya maƙale a sama. Faifai na biyu a rufe yake. Da na sa giris ta ɓangaren da kebul ke ja, allura ta ɗaga kamar rabin inci, ɗaya ɓangaren ba canji.

Baba Makanike:
To ɓangaren da sifirin ke ja ne ya cinye, dama shi ke fara tafiya. Ka ci gaba da hawa a haka, ba za ta tsayar da kai ba. Ranar da za ka kai a sa bushin, ka gaya wa mai aikin ya yi wa faifan alama kafin ya kwance, don bakinsa a fiƙe yake ta gefe ɗaya, in aka juya shi ba zai rufe ba. Ƙananan sukurorin da ke riƙe faifan kuma a sa sababbi a daddaƙe bakinsu, kar ɗaya ya kwance inji ya haɗiye shi. In an gama ka sake saita sukurun mai, za ka ga yana son a ɗan ɗaure shi ciki fiye da yanzu. Ka turo mana lambar da geji ya nuna.